A Ba Matasa Masu Renon Itatuwa Fili

Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi magana kan ƙanena. Bara ya gama karatun gandun daji a kwalejin Afaka, ya yi wata 7 ba aiki. Da zaman ya ishe shi, sai ya fara renon dashe a bayan gidanmu: darbejiya, mangwaro da zogale, cikin ledojin fiya wata da yake tsinta a kwata. Da damina ta faɗi, makarantu biyu suka saya.

Ruwa ne damuwarsa. Da rani wurin 'yan garuwa yake saye, ribar duk ta ƙare can. Ina roƙon gwamnatin jiha ta ware wa irinsa fili a bakin Kogin Kaduna, ta riƙa sayen dashensu.

Yayarsa,
Rigasa, Kaduna