Wasiƙa daga Maradi: mun dawo daga Babban Rafi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Kwatano, ya uwargida da yara? Mu nan lafiya lau, an gama girbi, hunturu ya fara leƙowa. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka aiko da murya ba.

Ka tambaye ni dajin Babban Rafi, wai ka yi mafarkinsa. To, makon jiya na raka Kawu ganin gonarsa can bayan Madarunfa. Ba mu kutsa ciki sosai ba, ka san halin da ake ciki a bakin iyaka. Amma abin da na gani ya ishe ni. Wurin da muke tsayawa muna jin tsoron shiga saboda duhun marke da kirya, yanzu kana hango ƙarshensa daga kan babur. Kurmi kaɗan nan, gonar gero, wani ɗan kurmin can, hanyar amalanke ta ratsa tsakani, sai kuma gona. Kamar an yayyaga zane an watsar da ƙyallayen. A hanya mun ƙirga amalanke bakwai na itace sun nufi gari.

Kawu ya zauna gindin wata kanya yana lissafa mini abin da ya sani da idonsa: gada, barewa, zabon daji garke-garke, har giwaye da ke haurowa daga Najeriya suna ɓarna a gonaki. Ya ce yau in ka ga kurege ka yi sa'a. Abin da ya fi damunsa, wai itacen bai ƙare duka ba, to ina naman ya tafi?

Ni kuwa wannan tambayar ce nake fama da ita da 'yan ajina a kwaleji. Dabba ba ta zama don ta ga itace kawai. Tana son fili mai faɗi da za ta yi kiwo, ta je ruwa, ta sami miji ko mata a wani garken ba tare da ta ƙetare gonar mutum da karnukansa ba. In aka datse daji gida goma, ko da jimillar itacen na nan, kowane yanki ya yi mata kaɗan. Kuma ƙaramin kurmi duk baki ne, ba shi da ciki: iska mai zafi na ratsa shi, wutar daji na lasarsa, awaki da masu gatari na shiga ta ko'ina. A dajin Amazon, kusa da Manaus a Brazil, tun 1979 masana ke bin diddigin irin wannan, suka bar yankuna masu hekta 1, 10 da 100 a tsakiyar wuraren da aka share. Har mai hekta 100 ɗin ya rasa kusan rabin nau'o'in tsuntsayen da ke zama ƙarƙashin itatuwansa kafin shekara 15. To ina ga namu da ba su kai haka ba?

Kuma asarar ba ta tsayawa kan dabba. Ɗorawa da kuka, jemage ne ke yi musu barbara da dare. Ka kore jemage, ka taɓa kalwa, ka taɓa daddawar Inna ke nan. Da na faɗa wa Kawu haka dariya ya yi, ya ce ashe ɗan banzan nan yana da rana.

Kada ka ce na zo maka da kuka kaɗai. Sassaben zamani ya yi aiki, wannan ba gardama. Tun da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, ya fara shi a nan yankinmu a 1983, aka koyi barin tohon kututture ana gyara shi maimakon ƙonewa, gonakin Maradi da Damagaram sun sake yin itace, ana maganar hekta miliyan 5. Gonar Kawu kanta cike take da gawo, kalgo da sabara, geronsa na gindin gawo ya fi na fili kai. Sai dai ni a ganina ana yawan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Manomi yana barin itacen da ke da amfani gare shi, iri biyar ko shida. Gada ba za ta haihu a gonar gero ba, ko gawo nawa ke ciki.

Ka ji labarin raƙuman dawa takwas da aka ɗauko daga yankin Kure, kusa da Yamai, a 2018 aka kai gandun Gadabeji, wajen Dakoro? A mota aka kai su. Ina son in kai 'yan ajina su gani in hanya ta yi kyau.

In za ka zo da salla, ka sanar da ni da wuri mu je Madarunfa tare, Kawu ya ce zai nuna maka inda ya taɓa ganin sawun giwa. Na ba direban da ka sani ƙullin daddawa da garin kuka, ka tambaye shi ran Laraba.

Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
amininka na Maradi