Kafin a rubuta wa bindiga tarihi, a karanta hatimin da ke jikinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun bayan ƙaramar Sallah. Ni tsohon soja ne, kuma mafi yawan aikina a ɗakin ajiyar makamai na yi shi, tsakanin mai da tsumma da littafin lamba.

Jikana ne ya matsa sai na raka shi wani gidan tarihi, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Mun zo gaban wata bindiga sai na ga an rubuta a ƙasanta wai da irinta sojojin Lugga suka ci Kano a 1903. Na sa tabarau na sunkuya. A gefen hagu na ƙarfenta ga rubutu ɓaro-ɓaro: No 4 Mk I*, LONG BRANCH, 1943. Na kira yaron da ke zagayawa da mu na nuna masa. Ya ce, "Baba, haka muka tarar da takardar." Na ce masa, yaro, wannan bindiga ta girmi ubanka, amma yaƙin Kano ya ba ta shekara 40 cif.

Ita ce mutanenmu ke kira Mak 4, wadda 'yan sanda suka daɗe suna rataye da ita, mai cin harsashi 10. Sai a 1941 sojan Ingila ya karɓi samfurinta. Long Branch kuwa masana'anta ce kusa da Toronto a Kanada, inda mata da yawa suka yi aikin ƙira lokacin yaƙin Hitila. Tauraron nan da ke bayan Mk I alama ce ta an sauƙaƙa ƙirar don a yi sauri. Akwai 'yar'uwarta da kamfanin Savage na Amurka ya ƙera, ita an buga mata U.S. PROPERTY saboda da sunan aro aka bai wa Ingila.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ta biyun, wadda ke kusa da ita. Tsohuwar ƙira ce, mai katako har baki, wadda aka fara a 1907. Irin wannan a zoben ƙarfen da ke bayan kunama, ta dama, ake buga mata shaida: kambin sarauta a sama, harufan sarki a ƙasa, sai masana'anta, sai shekara. V.R. na Sarauniya Biktoriya ne, a kan bindigogin da suka girmi wannan ƙirar, E.R. na ɗanta Edward, G.R. kuma na Sarki Joji, wanda bai hau gado ba sai 1910. Ka ga ko babu shekara, harafi biyu sun isa su raba gardama. In ka ga G.R.I. to ƙirar Ishapore ce, kusa da Kalkata a Indiya, ƙasar da sojojinmu suka yada zango kafin su shiga Boma. Wannan da na gani an bi ta da samfefa, an malala mata baƙin fenti kamar ƙofar shago. Kambin ya kusa shafewa. Faifan tagullar da ke gindinta, inda ake buga sunan runduna, an goge shi har yana ɗaukar ido, ba harafi ko ɗaya. Wai gyara aka yi. Garin gyaran gira an rasa ido.

Abin da fentin bai iya binnewa ba shi ne DP da aka buga manya a katakon. Duk wanda ya yi kurtu ya san ta: ta fareti ce kawai, an yanke mata hukuncin kada a ƙara harba ta. Haka FTR da shekara a gefe na nufin an mayar da ita masana'anta an yi mata garambawul. 'Yar kibiyar nan mai ƙafa uku kuwa shaidar kayan gwamnatin Ingila ce, in aka haɗa biyu baki da baki to an sayar da ita, ta bar aikin soja.

Ban ce waɗannan biyun su ne suka je Boma ba. Amma irinsu iyayenmu na runduna ta 81 da ta 82 suka saɓa a kwarin Kaladan da Arakan a 1944 da 1945, yaƙin da ya bar mana sunaye irin su barikin Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya. Wannan tarihin ya ishe su, ba sai an ara musu na Lugga ba.

Roƙona ga masu kula da gidajen tarihi shi ne a ajiye samfefa da fenti, ɗan mai da tsumma mai laushi sun wadatar. A ɗauki hoton kowane hatimi, a duba ko lambar ƙarfen ɗanawa ta yi daidai da ta jikin bindigar, sannan a rubuta takarda. Mu tsofaffin ɗakin makamai muna nan da sauranmu. In an kira ni zan zo da tabarauna da alli, domin in aka goga alli a kan rubutun da ya dushe yakan fito fari tas. Kuɗin mota kawai nake so.

Naka,
Wani tsohon soja,
Zariya