Godiya Ga Ma'aikatan Garejin Da Suka Duba Mini Mota Kafin Na Saya

Assalamu alaikum.

Ina rubuta wannan ne a bainar jama'a domin in gode wa shugaban gareji da yaransa, waɗanda na kai musu wata tsohuwar mota mai araha, wadda ta ci kilomita fiye da 250,000, don su duba mini ita kafin in biya kuɗi. Aikin da kuka yi mini ya fi ƙarfin godiyar baki.

Jikin motar tsaf, kuma baƙin man da ke cikinta sabo ne fes. Amma Oga ya ce sabon mai ba ya nuna tarihin inji, domin kowa na iya canza shi ana gobe sayarwa. Kuka buɗe murfin zuba mai kuka haska fitila, sannan da yardar mai motar kuka kwance murfin saman inji. Nan na ga dauɗar da idona, baƙa ƙirin, ta daskare kamar kwalta.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin da kuka zauna kuka yi mini. Kun ce baƙin mai yana lalacewa ya zama irin wannan dauɗa idan ya daɗe ba a canza ba, ko inji yana yawan zafi, ko kuma motar gajerun tafiye-tafiye kawai take yi, inji bai ɗumama sosai ba balle damshin da ke ciki ya ƙone. Haɗarin kuwa yana can ƙasa, wurin ragar da famfon mai ke zuƙo mai ta cikinta. Idan ta toshe, mai ba zai isa sassan da ke gogayya ba, sai inji ya buga. Har kuka ambaci cewa matsalar ta taɓa shahara a wasu injunan Toyota na 1997 zuwa 2002 da injin 1.8T na Volkswagen, ko da yake tawa ba cikinsu take ba.

Na roƙi ku zuba maganin wanke inji mai ƙarfi a gama magana, kuka ƙi, alhali kuɗi ne zai shiga aljihunku. Dalilinku shi ne maganin na iya ɓamɓaro dauɗar gaba ɗaya ta je ta toshe ragar. Maimakon haka kuka auna ƙarfin bugun mai da na'ura, kuka tarar bai yi ƙasa ba. Shawararku ita ce, in na saya, a sauke kaskon mai, wato mazubin da mai ke taruwa a ƙasan inji, a wanke shi da hannu, sannan a riƙa canza mai da filta da wuri har cikin ya washe. Da wannan bayani na nemi ragi, mai motar kuma ya amince.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa sana'arku albarka, ya kuma raya yaran da kuke koya wa aiki a kan wannan gaskiya.

Naku mai godiya.