Diyyar Rauni a Birtaniya: Abin da Gwamnati Ke Cirewa da Abin da Ba Ta Taɓawa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin 'yan uwanmu mazauna Birtaniya. Akwai maganar da ke yawo cewa wanda ya ji rauni a wurin aiki ko a hatsarin mota, in har yana karɓar tallafin gwamnati, ba amfanin neman diyya domin gwamnati za ta kwashe duka. Wannan magana ta sa mutane da dama sun haƙura da haƙƙinsu, kuma ba gaskiya ba ce.

Wata doka ta shekarar 1997 ce ke tafiyar da wannan sha'ani, ta hannun CRU, wato sashen da ke dawo wa gwamnati da kuɗin tallafi, na ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP. Da zarar an nemi diyya, kamfanin inshorar da zai biya diyyar zai sanar da sashen, shi kuma ya fitar da takardar shaida mai jera tallafin da aka biya mutum saboda wannan raunin. Lissafin yana tsayawa ne ranar da aka kammala biyan diyya, ko bayan shekara 5, duk wanda ya riga zuwa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne wajen cirewa. Ba a cire tallafi sai daga ɓangaren diyyar da ya yi daidai da shi. Tallafin rashin aiki, irin su Universal Credit, daga diyyar albashin da aka rasa yake fita. Na jinya daga kuɗin jinya. Na wahalar zirga-zirga daga nasa ɓangaren. Kuɗin raɗaɗi da wahalar da jiki ya sha kuwa, ba mai taɓa shi. Misali, an yanke wa mutum fam 20,000: fam 12,000 na raɗaɗi, fam 8,000 na albashi, alhali ya karɓi tallafin rashin aiki na fam 10,000. Kamfanin inshora zai mayar wa gwamnati fam 10,000 cif, amma fam 8,000 kaɗai zai iya cirewa daga diyyar. Gibin fam 2,000 a wuyan kamfanin yake. Haka ma kuɗin maganin da asibitocin gwamnati na NHS suka kashe, kamfanin ne ke biya.

Matsalar da aka fi samu a takardar shaidar take. Sau da yawa akan haɗa tallafin wata tsohuwar cuta, kamar ciwon suga ko ciwon baya da ya riga hatsarin, a lissafa shi tamkar raunin ne ya jawo. Don haka kada kowa ya amince da tayin sulhu kafin ya zauna da lauyansa su bi takardar layi-layi, ya kuma tambaya ƙarara: kuɗin da aka ambata, kafin cirewa ne ko bayan cirewa? Ana iya neman a sake duba takardar idan an ga kuskure.

Dattawanmu ne suka fi damuna. Fanshon gwamnati da Pension Credit, wato ƙarin tallafi ga dattawa masu ƙaramin ƙarfi wanda aka fara a Oktoban 2003, ba sa cikin tallafin da ake mayarwa, amma Attendance Allowance, wato tallafin dattawan da ke buƙatar mai kula da su, yana ciki. Pension Credit ba ya ƙirga fam 10,000 na farko na ajiyar mutum. Abin da ya haura, kowane fam 500 ana ɗaukarsa a matsayin kuɗin shiga fam 1 a mako. Diyyar rauni ba ta shiga wannan lissafi, sai dai wajibi ne a sanar da DWP. Gida ko fili a Kano ko Maradi kuwa yana shiga. Wanda ya tafi ganin gida ya wuce mako 4, galibi tallafin yakan tsaya, kuma in ya yi shiru sai an bi shi bashin abin da aka ci gaba da biya.

Masu karɓar Universal Credit ba su da wannan sassauci. Wata 12 kaɗai ake kau da kai daga diyyarsu. Bayan nan ajiyar da ta wuce fam 6,000 tana rage tallafi, ta wuce fam 16,000 ta yanke shi, sai fa in lauya ya sanya kuɗin a asusun amana na diyyar rauni kafin wa'adin ya cika. Tun 15 ga Mayun 2019, dattijon da matarsa ba ta kai shekarun fansho ba, in sabon mai nema ne, ƙa'idar Universal Credit ce ta hau kansa.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Ingila