Baƙonku bai taɓa ɓoye mutum a ɗaki ba

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na adabi na ranar Lahadi ya ɓata mini rai. Malamin da kuka gayyato sai dariya yake ta yi, wai marubucin littafin da kuka tattauna ya wuce gona da iri, wai ina aka taɓa jin Musulmi ya ɗaura wa Bayahudiya kallabi ya ce 'yar ɗan'uwansa ce, a ƙasar Hitila. Mai gabatarwa kuma ba abin da yake cewa sai "haka ne, Malam".

To, an yi. Dakta Mohamed Helmy, Bamisire haifaffen Khartum, ya je Balin, babban birnin Jamus, karatun likita a 1922. Daga 1942 har yaƙi ya ƙare a 1945 yana ɓoye da wata yarinya Bayahudiya, Anna Boros, kuma da lulluɓin nan da Malam yake wa dariya ta riƙa wucewa ta gaban 'yan Nazi. A 2013 cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, mai tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe, ta karrama shi, shi ne Balaraben farko da ta yi wa haka, shekara 31 bayan rasuwarsa.

Ni ba a littafi na fara sanin wannan ba. A rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Innarmu ta jawo maƙwabciyarmu Kirista da 'ya'yanta biyu ta katanga, ta tura su bayan buhunan masara, ta miƙa mata tsohon hijabinta. Ƙaramin yaron tari yake yi, sai Inna ta ƙure muryar rediyo dare da rana. Ni nake fitar da fo da asuba. Da samari suka zo da adduna, ta tsaya a zaure da muciya a hannu ta ce, "Matan aure ne a ciki, wa zai shiga?" Na ga zaninta yana karkarwa. Kwana uku suka yi.

Shi ne wani zai zauna a ɗaki mai sanyi ya ce ba zai yiwu ba? In labarin bai yi masa daɗi ba, ya faɗi haka, amma kada ya ƙaryata abin da bai bincika ba. Ku dawo da shi ya janye maganarsa.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir ɗin nan. Sau huɗu kuka katse shirin rabin awa.

Mai sauraronku,
daga Tudun Wada, Kaduna