A Kula da Malaman Gashin Ƙashi

Ranka ya daɗe Edita,

Da ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye, malamin gashin ƙashi ne ya koya mata riƙe ludayi da tashi daga tabarma. Da safe yana duba marasa lafiya, ɗalibai na tsaye a bayansa, yana ɗora hannunsu a kafaɗarta don su ji yadda gaɓar ta sandare. Da yamma yana aji. Bincike kuwa sai dare, in akwai wuta.

A nan Maraɗi, waɗanda suka karye a hatsarin kabu-kabu da yaran da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa duk irinsa suke jira. Ina roƙon Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da Ma'aikatar Lafiya su ba wannan fanni malamai, kayan aiki da kuɗin bincike.

Naka,
Wani mai karatu, Maraɗi