Hadari ba ya jiran a gama tsere

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tseren kwale-kwale da samarinmu ke yi a Kogin Kwara, musamman mu nan ɓangaren Yauri. Ni ma ina cikin masu riƙe filafili, ba labari aka ba ni ba.

Farkon damina ne, wajen la'asar, mu goma sha biyu muka fita atisaye, yanzu kowa so yake a ga ƙarfinsa ranar Rigata, bikin tseren kwale-kwale na Yauri, shi ya sa ba a jira sai biki ya matso. Mun yi nisa da gaɓa sosai sai wani dattijo masunci da ke ɗaga taru ya ɗago mana hannu ya nuna gabas, ya ce yara ku koma. Gabas ɗin ta ɗan yi duhu amma rana na nan, ruwa kwance luf ko motsi babu. Ni na ce mu juya, na gaba ya ce haba Malam tsoro kake ji, aka kwashe da dariya, ni kuma kunya ta hana ni maimaitawa. Wallahi ko minti ashirin ba a yi ba iska mai sanyi ta bugo mu, ƙura ta rufe gungun da muke hange, igiyar ruwa ta fara dukan jirgin ta gefe tana zubowa ciki, mutum biyu suka ajiye filafili suna kwarfar ruwa da ƙwarya da yankakken jarka, wanda ya yi min dariyar nan shi ya fi kowa ɗaga murya da salati. Allah ya taimake mu matuƙin da ke baya ya san aiki, ya juya hancin jirgin ya fuskanci igiyar, muka lallaɓa muka shige cikin ciyawa a gefen wani gungu muka riƙe ta gam har iskar ta lafa. Rigar ruwa, wato wadda ke hana mutum nutsewa, ko ɗaya babu a jirgin.

Abin da ke damuna har yau shi ne yadda muke auna haɗari. Kowa cewa yake ai na iya ruwa, an ce iya ruwa fidda kai, to amma a jirgin tsere ba kanka kaɗai ka ɗauko ba, akwai yaro ɗan shekara sha biyar a tsakiya da ya biyo ku don kar a ce masa rago. Kuma tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan nan ya zama tafki mai faɗi, iska na samun filin gudu, ga kututturan itatuwa a ƙasa da ba a gani.

Bayan jirgin da ya nutse da ɗimbin mutane a Warrah ta ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta yi ta maganar lodi fiye da ƙima da tafiyar dare da sa rigar ruwa, kuma gaskiya ne, sai dai duk kan jiragen fasinja maganar ke tsayawa. 'Yan wasa ba mai kula da su. A Argungu da rani ake biki a Matan Fada, ba hadari, ga jama'a a gaɓa. Mu kuwa atisayenmu ba mai gani.

Roƙona ga masarauta da sarakunan ruwa, a sa doka: in hadari ya haɗo, mutum ɗaya ya ce a juya, a juya ba gardama. Shugabannin ƙungiyoyi su rinƙa sauraron hasashen hukumar yanayi ta NiMet a rediyo kafin a fita. Gwamnatin Kebbi kuma in za ta raba rigunan ruwa ta tuna da mu. Ni dai na sayi tawa, ana min tsiya ana kirana ɗan Lakwaja, ina sawa.

Naku,
Wani mai karatu daga Yelwan Yauri, Jihar Kebbi